Ƙarar saƙon WhatsApp ta yi yawa, amma kashe ta gaba ɗaya asara ce: mene ne mafita?

Mai Shagon Atamfa

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon waɗanda suka san kan waya. Wayar Android ce guda ɗaya, da ita ake karɓar odar kwastomomi ta WhatsApp, kuma a cikinta akwai guruf na dangi, na unguwa, na 'yan kasuwa da na wa'azi. Duk sautinsu ɗaya. Idan an bar ƙarar, wuni ake yi ana zaro waya daga aljihu, a duba a tarar gaisuwar Juma'a ce aka turo, ko wani ya ɗora wa saƙo alamar babban yatsa. Idan kuma aka sa ta shiru, mai son kaya ya yi magana ba a gani ba har ya nufi wani shagon.

Shin akwai yadda za a raba su, a ji mai muhimmanci, sauran su shigo shiru? Kuma me ya sa wannan 'yar ƙarar da ba ta fi daƙiƙa ɗaya ba take damun mutum haka, ko da a wayar wani ta tashi? Sannan wani lokaci sai a daɗe ba a ji komai ba, can sai saƙonni su zubo a tare wayar ta yi ta kuka. Wannan ma ina son sanin dalilinsa. Na gode.

Mai Gyaran Waya

Wa alaikumus salam Alhaji. Abin da kake so yana yiwuwa, ba sai ka ɗora wata sabuwar manhaja ba. Sai dai tsarin da za ka bi shi ne: fara rufe bakin kowa, sannan ka buɗe na 'yan kaɗan ɗin da kake buƙata. Yawancin mutane akasin haka suke yi, suna bin guruf ɗaya bayan ɗaya suna kashewa, gobe a jefa su cikin sabo, ƙara ta dawo.

Buɗe WhatsApp, taɓa ɗigo ukun nan na sama, shiga Settings, sannan Notifications. Za ka ga an ware saƙon mutum ɗaya daban, na guruf daban, kira daban, kowanne da sautinsa. A sashen guruf, taɓa wurin zaɓen sauti ka zaɓi None ko Silent, duk wanda wayarka ta rubuta, ka kashe jijjigar ma. Daga nan duk guruf, har wanda ba a saka ka ba tukuna, shiru zai riƙa shigowa, amma saƙon yana nan a saman allo in ka duba. A shafin dai, can sama, akwai Conversation tones. Ita ce 'yar ƙarar da ake ji lokacin da kake cikin hirar kana turawa ana turo maka. Ba ta da amfani tunda idonka yana kan allon, kashe ta. Akwai kuma Reaction notifications a sashen mutum ɗaya da na guruf. Tun 2022 da aka kawo ɗora alama a kan saƙo take kukan babban yatsan da ka ambata. Kashe ta a wuraren biyu.

Yanzu guruf ɗin da ba ka son ya wuce ka, misali na 'yan kasuwa inda ake sanar da farashi: shiga cikinsa, taɓa sunansa a sama, shiga Notifications, ka ba shi sautinsa. A tsofaffin sigogin WhatsApp sai ka fara sa alama a akwatin Use custom notifications kafin zaɓin ya buɗe.

Akwai bambanci tsakanin cire sauti da Mute, kuma ya kamata ka san shi. Mute zaɓi uku yake bayarwa: awa 8, mako 1, ko har abada. Guruf ɗin da ka yi wa Mute zai daina damunka, amma idan wani ya kira sunanka da alamar @ ko ya ba da amsa kai tsaye a kan saƙonka, za a sanar da kai. Haka ma wanda ka tura Archive, wato ma'ajiyar da ake ɓoye hira daga babban jeri: tun 2021 ba ya fitowa da kansa idan sabon saƙo ya shigo, muddin Keep chats archived tana kunne. A 2025 an ƙara wani zaɓi a guruf mai suna Highlights, wanda ke sanar da kai idan an ambace ka, ko an ba ka amsa, ko wanda ke cikin lambobin da ka ajiye ya yi magana. A guruf na mutanen da ba ka sani ba yana aiki sosai. A na dangi kuwa, inda ka ajiye lambar kowa, kusan ba abin da zai rage.

Batun kwastomomi shi ne mai ɗan wuya. Sabon kwastoma ba ka da lambarsa, don haka ba yadda za a yi ka ware masa sauti tun kafin ya yi magana. Saboda haka ka ɗauki sautin saƙon mutum ɗaya na gama-gari a matsayin sautin ciniki. Abokan da ke yawan turo bidiyo da saƙon "ka tura wa mutum goma" sai ka bi su ɗaya-ɗaya ka yi musu Mute, ba za su san ka yi ba. Hajiya mahaifiya da mai ɗaki ka ba su wani sauti na daban. Kada sautukan su wuce uku. In sun wuce, kunne ya daina rarrabewa, ka koma duba waya kowane lokaci.

Idan kana da layi biyu, hanyar da ta fi duk wannan tsafta ita ce ka ɗora WhatsApp Business a kan layin ciniki, ka bar WhatsApp na yau da kullum a kan ɗayan. Manhajoji biyu ne daban, suna zama a waya ɗaya, kowacce da saitin sautinta.

In ka sauya sauti a cikin WhatsApp amma bai sauya ba, to daga wayar ne. Tun Android 8 na 2017, kowace manhaja tana rarraba sanarwarta gida-gida, kuma abin da aka saita a can shi ke da ta cewa. Danne tambarin WhatsApp ka riƙe, shiga App info, sannan Notifications, za ka ga gidajen: na saƙo, na guruf, na kira da sauransu, ka gyara a nan. A wayoyin Samsung masu One UI (tsarin Samsung na kan Android) 6.1 zuwa sama an ɓoye su, sai ka shiga Settings, Notifications, Advanced settings, ka kunna Manage notification categories for each app kafin su bayyana.

Malamar Kimiyya

Ɗan'uwa mai gyara ya gama da ɓangaren saiti, bari in amsa tambaya ta biyu, domin amsarta za ta taimaka wajen zaɓen sautin.

Kunnen ɗan Adam ya fi saurin kama sautin da ke tsakanin haz (ma'aunin kaifin sauti) 2,000 zuwa 5,000, wato siririn sauti mai kaifi. Lasifikar waya kuma ƙarama ce, ba ta iya fitar da sauti mai kauri da ƙarfi. Abubuwa biyun nan suka haɗu, shi ya sa yawancin sautukan sanarwa sirara ne, gajeru, masu tashi farat ɗaya ba tare da share fage ba. An ƙera su ne don su katse mutum daga abin da yake yi, kuma suna katsewa. Bayan haka ƙwaƙwalwa tana koyon cewa wannan sautin yana nufin wani yana nemanka. Da yake mutane kaɗan ne ke sauya sautin da waya ta zo da shi, duk masu waya iri ɗaya sautinsu ɗaya ne, sai ka ga a cikin mota waya ɗaya ta yi ƙara, mutum huɗu sun kai hannu aljihu. Matakin farko mafi sauƙi ke nan: rabu da sautin asali, ka zaɓi wanda ba kowa ke amfani da shi ba.

Damuwar ba tunanin banza ba ce. A 2015 masu bincike a Jami'ar Jihar Florida ta Amurka sun ba ɗalibai aikin da ke buƙatar natsuwa a kwamfuta, suka riƙa kiran wasunsu ko tura musu saƙo ba tare da sun san daga masu binciken ba ne. Waɗanda wayarsu ta motsa sun fi yin kuskure, alhali ba su ɗauki wayar ba. Jin ta kawai ya isa ya ɗauke hankali, saboda zuciya ta tafi tunanin wane ne, me yake so. Mai auna yadi ko mai lissafin kuɗi ya san abin da kuskure ɗaya ke jawowa.

Amma kada a ce to a kashe komai a huta. A wani binciken da aka wallafa a 2019, wanda masana daga Jami'ar Duke suke ciki, an raba mutane kashi-kashi. Waɗanda aka tara musu sanarwa ana sako musu sau uku a rana sun ce sun fi samun natsuwa da sauƙin rai. Waɗanda aka kashe wa gaba ɗaya kuwa fargabarsu ƙaruwa ta yi, suna jin wani abu yana wuce su. Wannan ya yi daidai da halin da Alhaji ya bayyana. Abin da ke gajiyar da mutum shi ne sauti ɗaya ya tsaya a madadin mai sayen atamfa da kuma gaisuwar safiya, ta yadda dole sai an duba kafin a sani. Idan sautin ya riga ya faɗa maka irin saƙon, rabin damuwar ta tafi. Guruf ɗin da aka rufe kuma a sa musu lokacin dubawa, misali bayan Azahar da bayan Isha'i, don kada zuciya ta yi ta saƙe-saƙe.

Mutane kuma ba ra'ayinsu ɗaya ba a kan sauti mai laushi. A Satumbar 2023 kamfanin Apple ya fitar da iOS 17, sabon tsarin wayar iPhone a lokacin, ya sauya sautin sanarwa na asali daga Tri-tone da aka daɗe da sabawa da shi zuwa wani mai taushi da ake kira Rebound. Wasu sun ji daɗi, amma da yawa sun yi ƙorafin ba sa jin sa, saƙo yana wuce su, ga shi babu wurin sauyawa. A Disambar shekarar, cikin iOS 17.2, aka ƙara Default Alerts a ƙarƙashin Sounds & Haptics domin kowa ya zaɓi nasa. Mai aiki a ofis shiru da mai tsayuwa a bakin titi ba buƙatarsu ɗaya ba.

Ga mai shago a kasuwa, inda janareta da hon ɗin mota ke tashi, ƙara ƙarfin sauti ba ya magance komai, takura wa na kusa kawai yake yi. Jijjiga mai tsawo, wayar kuma a aljihun da ke manne da jiki, ta fi aiki. Ga iyayenmu tsofaffi kuma, siririn sauti shi ne farkon abin da kunne ke rasawa idan shekaru suka ja, don haka a zaɓar musu mai ɗan kauri da ɗan tsawo, a haɗa da jijjiga. Wanda ba ya ji sosai a kunna masa walƙiyar fitilar kyamara, tana ƙarƙashin Accessibility a iPhone da Samsung da wasu wayoyin Android na baya-bayan nan.

Injiniyan Sadarwa

Malama ta yi bayani, Allah ya ƙara sani. Ni tambaya ta uku zan ɗauka, don idan ba a gyara ta ba, duk saitin sautin da aka yi aikin banza ne: sautin kwastoma zai tashi, amma bayan ya riga ya tafi.

Saƙo ba ya ɓacewa idan waya ba ta kan intanet. Yana jira a wurin WhatsApp, da zarar an samu hanya sai duka su sauko a tare, kowanne da ƙararsa. Wanda ke kashe data don tattali, duk lokacin da ya kunna zai ji wannan ruwan ƙara. Ga mai ciniki, kashe data ba tattali ba ne. Saƙon rubutu ɗan abu kaɗan yake ci. Abin da ke cinye data shi ne hotuna da bidiyon guruf da ke sauka da kansu. Shiga Settings na WhatsApp, Storage and data, a ƙarƙashin saukar da kaya da datar waya ka cire alama daga hoto, sauti, bidiyo da takardu. Sai ka bar data a kunne.

Idan data tana kunne amma saƙo ba ya shigowa sai ka buɗe manhajar, wayar ce ke hana ta aiki a bayan fage. Wurare huɗu ake dubawa. Data Saver: in yana kunne, sa WhatsApp cikin waɗanda ba a taƙaita wa data ba. Batir: a App info na WhatsApp, sashen batir, zaɓi Unrestricted ko abin da ya yi kama da haka. Tun Android 6 na 2015 waya tana shiga barci mai nauyi idan an ajiye ta ba motsi, kamfanoni kuma suna ƙara nasu matakan a kai. A Tecno da Infinix duba cikin manhajar Phone Master a tabbatar an bar WhatsApp ta tashi da kanta, kuma ba a saka ta cikin Freezer ba, domin manhajar da aka daskarar ba ta karɓar komai. Na ƙarshe shi ne yanayin matsanancin tattalin batir da wasu ke kunnawa idan caji ya yi ƙasa, wannan yana rufe kusan komai. Ƙananan wayoyi masu RAM (wurin da waya ke riƙe manhajojin da ke aiki) gig 1 ko 2 sun fi fama da wannan, saboda wayar tana kashe wata manhaja don ta samu wurin buɗe wata.

Kada a kashe ko a taƙaita Google Play services, ta nan ake taɓo waya a ce mata saƙo ya zo. Su GB WhatsApp da ire-irensu kuma a rabu da su. Ba na kamfanin ba ne, sanarwarsu ba ta da tabbas, kuma ana iya rufe layin da ke amfani da su. A wayoyi masu Android 13 zuwa sama, manhaja sai ta nemi izinin turo sanarwa lokacin da aka ɗora ta. Wanda ya danna "a'a" cikin sauri ba zai ji komai ba sai ya koma App info ya kunna.

Abu biyu zan ƙara. Alhaji mai ciniki ne, to kada ƙarar alat ta zama hujjar sakin kaya. Sautin yana nuna saƙo ya shigo ne kawai, bai san na banki ba ne ko na ɗan damfara. A buɗe manhajar banki a ga kuɗin a asusu. Sannan mu masu turawa muna da laifi a wannan hayaniyar. Wanda ya rubuta sallama ya tura, "ya gida" ya tura, "ina da magana" ya tura, ya kaɗa wayar ɗan'uwansa sau uku bai ce komai ba. A haɗa magana a saƙo ɗaya. Manhajar saƙo ta Telegram ma tun 2019 ta ba mai turawa dama: ka danne maɓallin turawa ka riƙe, ka zaɓi turawa ba sauti, saƙon ya isa shiru ko da mai karɓa bai kashe ƙara ba. Ga saƙon tsakar dare da ba na gaggawa ba, wannan ya dace.

Mai Shagon Atamfa

Allah ya saka muku da alheri, Malam, Malama da Injiniya. Saura biyu. Da dare da lokacin salla fa, yaya za a yi waya ta yi shiru amma in gaggawa ta taso daga gida a ji? Kuma zan iya sa sautin da na naɗa da kaina?

Mai Gyaran Waya

Amin Alhaji. Na dare aikin Do Not Disturb ne, yana cikin Settings a ƙarƙashin sauti ko sanarwa. Ba ɗaya yake da sa waya shiru ba, domin shi yana da ƙofar da za ka bar wa wasu. Sa masa jadawali, misali ƙarfe 10 na dare zuwa 5 na asuba. A manhajar lambobi, sa tauraro a kan mutanen gida, sannan a cikin Do Not Disturb ka ce kiran masu tauraro kaɗai ya shigo. Kunna zaɓin mai maimaita kira: a Android, duk wanda ya sake kira cikin minti 15 kiransa zai yi ƙara, a iPhone cikin minti 3. Wannan shi ke rufa asiri idan ɗan'uwa ya ari wayar wani ya kira daga asibiti ko hanya.

Amma ka gwada kafin ka dogara da shi. Kiran layi yana bin wannan tsarin sosai, kiran WhatsApp kuwa ya danganta da waya. Kunna shi da rana, ka sa wani na gida ya kira ka ta layi, ya sake kira ta WhatsApp, ya turo saƙo, ka ga wanne ya shigo. Idan wayarka Android 11 ce zuwa sama kuma tana da zaɓin, danne sanarwar saƙon mutumin ka riƙe, ka sa ta Priority, sannan ka ba irin waɗannan hirarraki izinin wucewa a cikin Do Not Disturb. Agogon tashi yawanci yana wucewa da kansa. Manhajar kiran salla kuwa ba lallai ba ne, wasu a matsayin sanarwa suke fitar da sautinsu, sai ka ƙara ta cikin manhajojin da aka yarje wa, in ba haka ba Asuba ta yi shiru.

Na masallaci, wayoyi da yawa suna karɓar jadawali fiye da ɗaya. Sa wa Juma'a nata, daga kafin huɗuba zuwa bayan an idar. Na salloli biyar ka ba shi tazara gaba da baya tunda lokutan suna motsawa a cikin shekara, ka riƙa sake dubawa. A wannan jadawalin kada ka bar wa kowa ƙofa, kuma ka kashe jijjiga, don wayar da ke jijjiga a aljihu ma tana ɗauke hankalin na kusa a sahu.

Sautin kanka kuma yana yiwuwa a Android. Fayil ɗin ya zama mp3 ko ogg, tsawonsa daƙiƙa 1 zuwa 2. Da manhajar fayil ka kai shi foldar Notifications a ma'ajiyar cikin waya, in babu foldar ka ƙirƙire ta da wannan sunan daidai. In bai fito a jerin ba, kashe wayar ka kunna. Kada ka bar shi a memori ko a foldar WhatsApp ko ta Download: in an cire memori, ko manhajar share shara ta goge fayil ɗin, wayar za ta koma sautin asali ko ta yi shiru ba tare da ta faɗa maka ba. Saƙon murya na WhatsApp nau'in opus ne, ba kowace waya ke nuna shi a jerin ba, ya fi kyau a mayar da shi mp3. A iPhone, WhatsApp daga jerin da ke ciki kawai yake bari a zaɓa. Telegram tana karɓar naka a wayoyin biyu tun 2022, in bai kai daƙiƙa 5 ba kuma bai wuce kilobayit 300 ba.

Ayar Alƙur'ani ko kiran salla kada a sa su sautin saƙo. Malamai da dama sun yi gargaɗi a kai, kuma dalilin a fili yake: saƙo na biyu zai yanke ayar a tsakiya, wayar kuma tana shiga har banɗaki.

In ka gama komai amma sauti ya yi ƙasa ko ba a ji, danna maɓallin ƙara na gefe ka buɗe dukan ma'aunan. Na waƙa da bidiyo daban yake da na sanarwa, kuma a wasu wayoyin na sanarwa a haɗe yake da na kira, in ka rage ɗaya ka rage ɗayan. Duba Bluetooth ma: idan iyafis ɗinka yana haɗe yana cikin aljihu ko durowa, can ƙarar za ta iya tafiya.